Lamba Bakwai

Na je sayen ƙwan lantarki a ɗakin da aka haife ni.
Yaron kanti bai ko ɗago kai ba: "Baba, fari ko ja?"
Na ce fari. Idona yana kan dokin ƙofa,
inda mahaifina, Jatau mai ba jirgi hannu,
yake zana tsawona da ƙusa duk ƙarshen wata.
An shafe wurin da shuɗin fenti,
amma yatsa ya fi ido sanin gida:
zane biyar na taɓo, na shida ya ɓuya bayan kanta.

Gidaje goma sha biyu ne, kafaɗa da kafaɗa
kamar sahun Azahar, ba wanda ya fi wani taku.
Jan bulo ne da ya sha wuta tun kafin zuwan siminti,
baranda guda, doguwa, daga famfo har gindin darbejiya,
ginshiƙanta ragowar ƙarfen dogo.
Bango ɗaya muke rabawa da kowane maƙwabci.
In Okorie direba ya yi tari a lamba shida,
Inna ta ɗaura citta da kanumfari ta ce in miƙa.
In Iya Bisi ta soya manja a lamba takwas,
tuwonmu ya sami ƙamshi ba ko kwabo.
Ba a ɓoye magana a layin nan,
ba a kuma kwana da yunwa.

Yau lamba ɗaya faci ake yi wa taya.
Biyu da uku an fasa bangon tsakani, magani ake sayarwa,
a daidai inda Laraba ta yi naƙudar 'yan biyu.
Tagogin katako masu fukafukai sun tafi murhun wani,
ƙofofin ƙarfe masu naɗewa sun gaje su,
suna ihu da sassafe fiye da jiniyar tasha.
Shekarar da magini ya tono a goshin ginin
allon talla ya rufe ta,
sai wutsiyar tara ke leƙe, kamar ƙadangare a tsaga.

Ban zo tsine wa ciniki ba.
Na ga layin baya, wanda ba ya kallon titi,
ba wanda ya kama haya, ba wanda ya toshe yoyo.
Damina uku ta zaunar da shi.
Tumfafiya ce a tsakar ɗakin Malam Barau akawu.
Nan kuwa ko don kwalayen kaya ana gyara kwano,
kuɗin haya shi ya riƙe rufin da ƙauna ta kasa riƙewa.
Mu da muka so shi, muna Tudun Wada, muna Kwangila,
wasu suna ƙarƙashin ƙasa.

Yaron ya miƙo canji, yana share gumi da gefen riga.
"Zafin Sabon Gari zai kashe ni, ga wuta babu."
Na nuna masa can sama, ƙarƙashin silin,
ramuka huɗu a jere da ya cusa wa buhu da kwali.
"Ɓera ne ke shigowa," in ji shi.
Na ce ba don ɓera aka yi su ba,
hancin ɗakin ne ka toshe.

Ya taka benci yana gunaguni, ya zare guda, ya zare biyu.
Ƙura ta zubo mana, da tsohuwar sheƙar tsattsewa.
Sai iska ta biyo baya,
ta kaɗa ledojin da ke rataye,
ta sauko mini a ƙeya, a inda take sauka
sa'ad da nake kwance kan tabarma da ƙyanda.

Ya tsaya kan bencin, bai sauko ba.
"Baba, kai magini ne?"
Na ce a'a. Na ƙirga canjina, na sa ƙwan a aljihu.
Na sunkuya a bakin ƙofa don sabo,
ko da yake sun daɗe da ɗaga ta.